Yadda Ake Kafa Piyano a Gida a Damagaram da Yadda Ake Kare Shi Daga Wuta da Ƙura

Abu biyu ke kashe piyanon lantarki a garin nan: wuta da ƙura. Ƙura a hankali take cin sa, shekara bayan shekara, ita kuwa wuta cikin ƙiftawar ido take gamawa da shi, kuma sau da yawa ta hannun mai shi, ranar da ya ari cajar da ba tasa ba don bakinta ya shiga ramin. Saboda haka za mu daɗe a kan maganar wuta, domin nan ne kuɗin mutum da lafiyarsa suke.

Tun a wurin saye

Piyanon da ake samu a nan, Yamaha ne ko Casio ko Korg, da yawa na hannu ne, wasu daga Kano, wasu daga Turai ko Amurka, kuma ba kasafai suke zuwa da adaftarsu ta asali ba. Kada ka biya sai an jona maka. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a sa masa wuta in gwada," kuma ka gwada da adaftar da za a ba ka, ba wadda ke shago ba.

Ka bi madannan ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, su 61 a yawancin na gida. Kowanne ka taɓa shi sau biyu, a hankali sannan da ƙarfi. In piyanon mai jin nauyin hannu ne, dole sautin ya bambanta. Madannin da ya yi shiru, ko wanda ya fashe da ƙara ko da a hankali ka taɓa, ƙura ta shiga ƙarƙashinsa. Yana gyaruwa, amma a rage maka kuɗi. Ka murɗa abin ƙara sauti daga ƙasa har sama ka saurari ƙarar ƙas-ƙas. Sannan ka kifa shi ka buɗe gidan batir. In ka ga farin gari ko tsatsa mai kore-kore a kan ƙarafan, batir ya taɓa zuba a ciki, kuma wani lokaci ruwan ya kai ga allon lantarki. Ka sunsuna ramukan iska. Warin ƙuna ba ya ɓoyuwa.

Adafta: karanta rubutun kafin komai

A bayan piyano, kusa da ramin da aka rubuta DC IN, akwai lamba da ɗan zane. A jikin adafta ma akwai layi biyu, INPUT da OUTPUT. Waɗannan rubuce-rubucen su ne za ka haɗa.

INPUT shi ne wutar da adaftar ke karɓa daga bango. Wutar Nigelec, kamfanin lantarki na Nijar, 220V ce, 50Hz. Adaftar da aka rubuta 100–240V ta yi, haka wadda aka rubuta 220–240V. Wadda aka rubuta 120V kaɗai ta Amurka ce, mai 100V ta Japan ce, kuma duk wadda ka jona a bangonmu cikin waɗannan biyu za ta yi hayaƙi nan take. Ƙaramin bakin da ake sayarwa don fulogi mai faffaɗan ƙafa ya shiga soket mai zagayen rami, siffar ƙafa kawai yake canzawa, ba ya rage wuta ko kaɗan. Mutane da yawa a nan suke faɗawa.

OUTPUT shi ne abin da ke shiga cikin piyanon, kuma abu huɗu ake dubawa. Na farko volt, wanda dole ya zama daidai cif. Ƙananan Yamaha irin su PSR-E363 da PSR-E373 12V suke sha, da adafta PA-130 ko PA-150. Manyan da masu situdiyo da masu kiɗan biki ke so, irin PSR-S970 da PSR-SX700 da PSR-SX900, 16V ne, da adafta PA-300C. Casio na yanzu irin CT-S300 da CT-X700 kuwa 9.5V ne. Cajar kwamfutar hannu galibi 19V take bayarwa, kuma akwai wadda bakinta ke shiga ramin piyano lafiya lau. Shigar baki ba shaida ba ce.

Na biyu amfiya, wadda ake rubutawa da A ko mA. Nan ba a bukatar daidai: ta adaftar ta kai abin da piyanon ke nema ko ta fi. PA-150 tana ba da 1.5A, PA-300C tana ba da 2.4A. In ta fi yawa babu komai, piyanon abin da yake bukata kawai yake ja. In ta gaza ne ake ganin alamu: adaftar ta yi zafi sosai, allon rubutu ya dinga dusashewa in ganga ta buga, piyanon ya mutu ya sake tashi da kansa in an ƙara sauti.

Na uku shi ne ɗan zanen nan mai alamar + da − da ɗigo a tsakiya. Yana nuna ko tsakiyar bakin adaftar ne ke ɗauke da + ko kuwa gefen. Yamaha + ne a tsakiya. Casio masu 9.5V ma haka. Amma tsofaffin Casio masu adafta AD-5 ta 9V, da kayan Roland da dama, − ne a tsakiya. In aka juya, wuta ta shiga ta baya, kuma abin da zai biyo baya ya danganta ga ko masu ƙera shi sun sa kariya a ciki. Kada ka gwada don ka gani. Zanen jikin adafta da na bayan piyano su zama iri ɗaya, shi ke nan.

Na huɗu, a tabbata DC aka rubuta a OUTPUT, wato wuta irin ta batir. Akwai adaftocin da ke fitar da AC, wuta irin ta bango, na wasu ƙananan miksa (na'urar haɗa sauti) da tsofaffin na'urori, kuma kamanninsu ɗaya da sauran.

Adaftar nan mai abin zamewa da ake zaɓar 3V zuwa 12V, mai bakuna da yawa, ba mu ba da shawarar ta ba. Yaro ɗaya ya taɓa abin zamewar, ko a juya bakin a kife, an gama. Haka jabun da aka buga wa sunan kamfani: za ka ji ta sakayau a hannu, rubutun yana gogewa da yatsa, tana sa wani siririn kuka a lasifika. In ta asali ta gagara, ka nemi mai kyau wadda lambobinta suka yi daidai, ka sa mai gyara ya auna ta da mita a gabanka kafin ta taɓa piyanon. Awon ba ya cin minti ɗaya, kuma shi zai nuna volt ɗin da kuma inda + yake. Bayan haka ka ɗaura mata alama, ka hana a caja komai da ita, ka hana a jona piyanon da wata.

Inda za a ajiye shi

Littafin Yamaha ya ba da digiri 5 zuwa 40 a ma'aunin zafi na Celsius a matsayin yanayin aiki. Kowa ya san abin da Afrilu da Mayu ke yi a Damagaram, kuma ɗakin kwano marar silin da tsakar rana ya wuce haka nesa. In akwai ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko ɗaki mai silin, nan ya fi. In babu, a bar kiɗa da rana tsaka a lokacin bazara, a yi da safe ko bayan la'asar. Rana kada ta faɗa masa ta taga, domin tana lanƙwasa roba, tana mayar da fararen madannai rawaya, tana baƙanta allon rubutu. Kuma kada a bar shi cikin mota a rufe.

Ƙarƙashin taga ba wurinsa ba ne. Da hunturu ƙura ke shigowa, da damana kuma iskar da ke gaban hadari tana zuwa da yashi, ruwa ya biyo ta kafin a ruga a rufe. A nisanta shi da madafa da hayaƙin gawayi, da turaren wuta ma, don hayaƙi mai maiƙo yana manne wa ƙura ta zama danƙo. Fankar nan mai ruwa da ake sanyaya ɗaki da ita, kada a juya bakinta kan piyanon. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango don bakunan waya kada su lanƙwashe.

Kada a aza shi kan katifa ko a ƙasa kan tabarma. Katifa tana toshe ramukan iska, jikinsa kuma yana lanƙwasa. A ƙasa kuwa ga taku, ga ruwan sharar ɗaki, ga ƙwari. Tebur mai ƙarfi ya wadatar. PSR-E373 tsawonsa santimita 94.5 ne, nauyinsa kilo 4.6, don haka teburin da ya kai mita ɗaya ya ɗauke shi duka ba tare da wani gefe yana lilo ba. Manyan suna wuce kilo 11.

In ƙafa ce mai siffar X, ka buɗe ta ka ji ƙusar tsakiya ta faɗa raminta da ƙara, sannan ka danna da hannu biyu da nauyinka kafin ka aza piyanon. Wannan ƙusar ce ke riƙe da komai, in ta zame ƙafar rufewa take yi gaba ɗaya, a kan yatsu ko kan yaron da ke rarrafe a ƙasa. Kada a taɓa canza tsayinta piyanon yana kai. Ga manyan piyano, a nemi ƙafa mai ƙarfe biyu-biyu. In ƙasan ɗakin ba daidai ba ne, a sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafar da ke rawa. Gidan da ke da ƙananan yara, a ɗaure piyanon da ƙafar ta ƙasa da maɗauri, a bi da wayoyi ta bayan ƙafar zuwa bango, domin yaro waya yake fara ja.

Tsayi: ka zauna, ka aza yatsu kan madannai, damtsenka ya sauka a sake, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya kwanta miƙe. Ga babban mutum saman madannan yakan kama santimita 70 zuwa 75 daga ƙasa, kujera wajen 48 zuwa 50. Yaro a ƙara masa matashi, a sa masa abin taka ƙafa.

Wutar gidan kanta

Duba soket ɗin da za ka yi amfani da shi. In ya yi baƙi a gefen ramuka, ko yana tartsatsi in an sa fulogi, ko fulogin yana rawa a ciki, a canza shi tukuna. Fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na kayan da suka zo daga Nijeriya, a nema masa bakin da ya dace da shi mai kama shi sosai. Yanke fulogi a cusa tsirarun wayoyi cikin soket da tsinken ashana, wannan hanyar gobara ce. Ralonji, wato doguwar wayar nan mai soket da yawa, ya zama mai kaurin waya, kada a bi da shi ƙarƙashin darduma, kuma kada piyano ya raba shi da dutsen guga, hita, firiji ko injin jan ruwa. Duk sa'ad da irin waɗannan suka tashi ko suka tsaya suna girgiza wutar layin.

Piyanon gida ba ya cin wuta. Ƙananan ba su kai wat 15 ba, manyan ma wajen 20 zuwa 30 ne, saboda haka sitabilaiza mai 500VA ta ishe shi har da sauran wuri. Amma a fahimci abin da ake tsoro. Adaftar da ke karɓar 100–240V ba ta damu da raunin wuta sosai ba. Haɗarin yana lokacin da aka maido da wuta bayan an ɗauke, da lokacin tsawa, da kuma ranar da wayar nutral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki a layi, inda abin da ke zuwa soket zai iya haurawa wajen 380V. Alamar wannan ita ce ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima, wani kuma ya dushe, fanka ta dinga gudu kamar za ta tashi. Ka ga haka, ka kashe babban makunnin gida, ka kira mai gyaran wuta. Don haka abin da ya fi amfani shi ne na'urar kariya mai yanke wuta in ta haura, mai jira minti kaɗan kafin ta sake bayarwa, irin wadda ake sa wa firiji, ko sitabilaiza mai wannan jinkirin.

Duk da haka babu kariyar da ta kai zare fulogi. An ɗauke wuta, zare. An maido, bari ta zauna minti biyar. Hadari ya haɗo, zare, domin tsawa ba ta jin sitabilaiza. An gama kiɗa, zare. Maɓallin kashewa na jikin piyano ba ya raba adaftar da layi, tana nan tana shan wuta tana zafi muddin tana bango. Kuma kan fulogin ake kamawa, ba waya ba.

Janareta: a tayar da shi, a bar shi ya daidaita, sannan a jona piyano. In za a kashe, piyano ake fara zarewa. Lokacin da mai ke ƙarewa injin yana shaƙewa yana sama da ƙasa, wutarsa ma haka take yi. Shi kansa janaretan a waje, nesa da ƙofa da taga, don hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Masu sola su kula da abu biyu. Batirin da ake kira 12V, in ya cika yana kai 12.7V, in rana tana cajinsa kuma yana haura 14V. Jona piyano kai tsaye a kansa da waya biyu ganganci ne, ga hawan volt, ga sauƙin juya + da −, ga babu fis. A bi ta inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta bango, kuma mai tsabtar wuta wadda aka rubuta mata Pure Sine Wave. Mai arhar tana sa ƙugi a lasifika, tana zafafa adafta.

Ƙananan piyano suna aiki da batir AA guda 6, kuma wannan ita ce wuta mafi aminci ranar da ta layi ke wasa. A sa su iri ɗaya, sababbi duka, kada a gauraya tsoho da sabo. A Yamaha akwai wurin zaɓar irin batir a cikin FUNCTION, Alkaline ko Ni-MH, a daidaita shi. Adafta ba ta cajin batirin da ke ciki, sai an fitar an sa a cajarsa. In za a yi makonni ba a yi amfani da su ba a cire su, domin zafin garin nan yana sa batir mai arha ya zuba da wuri.

Jonawa da kunnawa

1. Hannu a bushe, ƙafa da takalmi in ƙasan siminti ne. Piyano a kashe, sautinsa a ƙasa gaba ɗaya.
2. Sa feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ja, a ramin SUSTAIN, sa wayar lasifika ko ta kwamfuta in akwai, duk kafin wuta.
3. Sa bakin adafta a DC IN har ya zauna.
4. Sai ka sa fulogi a bango.
5. Danna maɓallin kunnawa, kada ka taɓa madanni ko feda har rubutu ya gama fitowa.
6. Ɗaga sauti a hankali kana taɓa madanni ɗaya.

Kashewa a juye ne: sauti ƙasa, riƙe maɓallin kamar daƙiƙa ɗaya har allo ya mutu, zare daga bango, sannan daga piyano. Ƙananan Yamaha a lokacin wannan kashewar suke adana saitinka, don haka wanda ya fizge waya ko aka ɗauke masa wuta zai tarar abin da ya saita ya tafi.

Maganar feda tana rikita mutane. Piyano yana duba yanayin fedar a daidai lokacin da ya tashi. In ƙafarka tana kai, ko ka sa ta bayan ka kunna, sai ta yi aiki a juye: sauti ya dinga ja in ka saki, ya yanke in ka taka. Ba lalacewa ba ce. Kashe, ɗauke ƙafa, sake kunnawa. In bai gyaru ba, fedar ta wani kamfani ce, domin ta Casio da ta Yamaha tsarinsu kishiyar juna ne. Fedar da ake yi don kowane piyano tana da ɗan makunni a ƙasa ko a gefe, shi za ka juya.

Kunne, lasifika da miksa

Hedifon shi ne zaman lafiya da maƙwabta, da dare da lokutan salla, amma kunne ba a sayen sabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A aikace: in wanda ke tsaye kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, ya yi yawa. In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙara ko ya toshe, ka wuce iyaka. A rage sauti kafin a sa hedifon a kai, a huta bayan kowace awa. Ramin PSR-E373 babba ne, milimita 6.35, na Casio CT-S ƙarami ne, 3.5, sai a nemi ɗan bakin da ke haɗa su.

In za a fitar da sauti zuwa amfilifaya, ƙa'idar ita ce piyano ya fara tashi, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya ce farko. In aka saɓa, bugun da piyano ke yi lokacin tashi zai daki lasifika da cikakken ƙarfi. A ƙananan Yamaha ramin PHONES/OUTPUT guda ne mai ɗauke da hagu da dama, don haka wayar da ta dace ita ce mai baki ɗaya mai zobe biyu a gefen piyano, ta rabu biyu a gefen miksa. Da ka sa ta lasifikan jikinsa za su yi shiru, haka aka yi shi. Manyan suna da ramuka biyu, in waya ɗaya gare ka ka sa a L/L+R.

Kuskure biyu ne ke ƙona piyano ta wannan hanya. Ɗaya, ɗauko wayar da ta fito daga bayan amfilifaya, wadda ke zuwa lasifika, a cusa a piyano saboda bakinsu iri ɗaya ne. Biyu, sa piyano a ramin makirufo na miksa mai ƙofa uku alhali maɓallin +48V yana kunne. Wannan wutar an yi ta ne don wasu makirufo, in ta koma cikin piyano tana iya kashe sashen fitar da sauti. Piyano a ramin LINE yake shiga.

In ka ji ƙugi mai kauri bayan jonawa, mayar da piyano da miksa da amfilifaya kan ralonji ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta, ka nisantar da salula. Amma in makirufo yana cizon leɓe, ko ƙarfen miksa yana jan hannu, a tsaya nan. Wuta tana zuba a jikin kayan kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba shi da wannan wayar. Mai gyaran wuta ya kafa ƙarfen ƙasa, ya sa makarin nan mai 30mA da ke yanke wuta da zarar ta bi jikin mutum. In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu: a kashe babban makunni, ko a ture wayar da busasshiyar sanda, a kai shi likita ko da ya ce ya warware. Adafta ta kama wuta, a yanke wutar gida a zuba yashi, ba ruwa ba. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce.

Ramin USB TO HOST na kwamfuta ne ko salula, da waya wadda ba ta kai mita 3 ba. Ramin USB TO DEVICE na filashi ne, inda ake loda salon kiɗa da adana waƙa. Kada a caja salula a nan, kuma kada a zare filashi ko a kashe piyano yana cikin adanawa. Mai aikin da ba ya son ya ɓata, ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana irin na kwamfuta, zai ba shi mintocin da zai adana in an ɗauke wuta. A riƙa kwafe filashin a kwamfuta.

Ƙura, ruwa da ƙwari

Ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai kama da ƙaramar ƙwarya a kife, cikinta da baƙaƙen ɗigo biyu da ke taɓa allon lantarki ɗaya bayan ɗaya. Tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar farko da ta biyu, da ita piyano ke gane ƙarfin bugunka. Ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna kan ɗigo guda, lissafin ya rikice, madannin ya yi shiru ko ya dinga ihu. Maganinsa rufi ne, kowace rana, da an tashi daga kai. Zane mai kauri wanda ya sauka har gefe ya yi, a kaɗe shi a waje. Leda ba ta da kyau a zafi, tana riƙe gumi, wata ma tana manne wa jikin piyanon.

Shara da busasshen ƙyalle mai laushi, daga cikin madanni zuwa bakinsa don ƙurar ta fito waje. Tsakanin maɓallai da ragar lasifika a bi da sabon burushin fenti mai taushi. Datti ya kafe, a jiƙa ƙyallen a matse shi sarai, a goge, a bi da busasshe. Ban da fetur, kananzir, tina, turare, da man da ake fesa wa ƙarfe. Ban da hurawa da injin iska na masu faci, don cikin yake tura ƙurar.

Kofin shayi da kwanon fura ba su da wuri a kan piyano ko kusa da shi. In abu ya zube, zare daga bango nan take, cire batir, kifa shi madannai suna kallon ƙasa, ka bar shi a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Kada ka kunna don ka ga ko yana aiki, wannan kunnawar ce ke ƙona shi. In abin mai sukari ne ko nono, bushewa ba ta isa ba, sai an buɗe an wanke allon. Ɓurɓushin abinci kuma shi ke kiran kyankyaso da tururuwa, ɓera ya biyo ya ci waya. Kada a fesa maganin ƙwari a cikinsa. Allura, tsabar kuɗi ko tsinke ya faɗa tsakanin madannai, a kashe a fitar da shi kafin a ci gaba.

In ya ƙi

Bai tashi ba sam: gwada soket ɗin da wani abu, sannan sa batir. In ya tashi da batir, laifin adafta ne ko ramin DC IN, wanda ke sakin dalma in ana yawan jan waya. Yana mutuwa da kansa bayan an bar shi: wannan tsarin ajiye wuta ne, minti 30 a PSR-E373, ana kashe shi a FUNCTION. Ya tashi amma babu sauti: duba ko akwai ɗan bakin hedifon da aka manta a rami, sannan duba saitin Local Control a FUNCTION ko yana kan On. Muryarsa ba ta haɗuwa da ta sauran kaya: Transpose ya koma 0, Tuning ya koma 440Hz. Ya rikice gaba ɗaya: a ƙananan Yamaha ana riƙe farin madanni na ƙarshe a dama a kunna, sai ya koma yadda ya fito, amma yana share abin da ka adana, don haka a fara kwafewa in da hali.

Warin ƙuna, hayaƙi, adafta mai kumbura ko wayar da ta tsage, a zare a daina amfani. Adafta ba a buɗe ta a gida, kuma wayar da ɓera ya ci ba a naɗe ta da leda a ci gaba. Manyan piyano masu shan wutar bango kai tsaye, akwai sassan da ke riƙe wuta a cikinsu ko bayan an zare, sai mai gyara. In za ka kai gyara ka tafi da adaftar da fedar tare, ka gaya masa ainihin abin da aka jona da abin da ya faru, domin hakan zai rage masa lalube ya rage maka kuɗi. Ka cire batir da duk wayoyi, ka sa shi a jakarsa ko ka naɗe da bargo. A kan kabu-kabu kada a ɗaure shi da roba ta kan madannai. Ka zauna a baya ka riƙe shi da hannu, in kuwa babba ne ka nemi mota.